Hannun da Ba Na Baba Ba

Litinin, 3 ga Maris
Takarda ta zo. Sun ɗauke ni aikin kula da sito, tafiyar yini guda daga gida. Ranar 24 suke so in isa, in ban je ba su ba wani. Na cusa ta a zabirar wanzancin Baba ƙarƙashin auduga, don nan ne kaɗai ba ya sa hannu yanzu. Shekarata talatin da ɗaya, ina ɓoye takarda kamar ɓarawo.

Laraba, 5 ga Maris
Mutum shida yau. Duk ni na yi.

Bari in rubuta, ko littafin nan ya sani. Shekara ɗaya da rabi ke nan hannun Baba na dama yana rawa. A makon da abin ya fara ya cire madubin shago, wai ya fashe. Ƙarya ne, yana bayan ƙofar ɗakinsa lafiya lau. Mai son ƙaho zai hau benci ya fuskanci bango. Ni ke kafa ƙahon in zuƙa, wannan kowa ya sani, aikin ɗa ne. Amma tsagar ta Baba ce, don ita ake zuwa. To, sai ya dafa kafaɗar mutum da hagu, ya yi ta zuba masa hira a kunne, ya ce bismillah, ni kuma in zuro hannu ta gefensa in tsaga. Sharaɗi ɗaya: ko tari kada in yi. In an gama a ce, "Kai, hannun tsoho daban ne!" Ni kuwa in zubar da jini in tafasa ƙahonni.

Wallahi na gaji da zama hannun wani.

Asabar, 8 ga Maris
Na gaya wa Yaya maganar takardar a waya. Wai, "Auta, in ka tafi ka tona masa asiri." Ita da ke can gidan mijinta, ko warin jinin nan ba ta sani ba. Na kashe wayar. Haushin da na ji shi ne gaskiya ta faɗa.

Talata, 11 ga Maris
Na buɗe baki zan gaya wa Baba, ya ce in miƙo masa ruwa. Rabin kofin a rigarsa ya ƙare. Na fasa.

Alhamis, 13 ga Maris
Kamfani na son takardar gwajin lafiya. Na ce wa Baba zan je gaisuwar mutuwa, ya rufe shago sai na dawo. Layin asibiti ya riƙe ni har azahar.

Na dawo na tarar shago a buɗe, auduga jajur a ƙasa. Tsohon telan layinmu ne ya zo, wanda Baba ke yi wa ƙaho tun kafin a haife ni. Baba ya ji kunyar ce masa ya dawo gobe. Ya ɗauki reza da kansa. Ɗaya daga cikin tsagar ta yi zurfi, ta karkace, tsawon ɗan yatsa. Sai da aka kai telan asibiti aka yi masa ɗinki uku.

Baba na zaune a kan benci, ya danne hannun tsakanin cinyoyinsa. Bai tambaye ni wa ya mutu ba.

Jumma'a, 14 ga Maris
Bai fito ba. Bai ci komai ba. Sakamakon gwajina ya fito, wai lafiyata ƙalau. Madalla.

Talata, 18 ga Maris
Shago a rufe kwana biyar. Ana zuwa, ina cewa mura ce. Da na so, da yanzu na haɗa kayana, ba mai riƙe ni. To me ya sa na tafasa ƙahonnin da ba a taɓa ba?

Alhamis, 20 ga Maris
Tela ya dawo. An cire masa zare. Ya tsaya a ƙofar gida yana kwaɗa sallama har Baba ya fito, ya ce, "Wanzam, ka bar mini aiki rabi, kafaɗar hagu na nan tana cizona." Haka ya tasa mu gaba zuwa shago, ya cire riga, ya hau benci.

Muka tsaya yadda muka saba. Baba ya dafa shi, ya fara hira. Sai Tela ya ce, fuskarsa na bango, "Yi shiru haka nan. Shekara talatin da ɗoriya in za ka tsaga numfashi kake ɗaukewa, ko sallama ba ka amsawa. Tun bara kake zuba kamar rediyo, reza na tafiya. Kana tsammani bayana ba ya ji? Auta, yi aikinka, ɗana."

Baba ya janye hannunsa a hankali. Na yi tsaga bakwai. Ban taɓa jin shagon nan shiru haka ba.

Da zai fita ya ce duk tsofaffin layi sun sani, sun dai yi shiru ne don Baba. Shekara ɗaya da rabi ina haɗiye tari a banza!

Lahadi, 23 ga Maris
Baba ya ce, "Na ga takardarka tun ranar da ta zo. Ka je." Bai dube ni ba. Shi ke nan, ya ɗora mini kayan gaba ɗaya. Da ya hana ni, da na san da wa zan yi faɗa.

Na goge riga biyu.

Litinin, 24 ga Maris
Motar safe ta tashi ƙarfe bakwai. Na ji ƙarar ta daga shago, ina kan tsani ina neman ƙusar da madubi ke rataye a da. Tana nan. Na ɗauko madubin na mayar.

Ban ce na fasa ba. Mutum huɗu ne kawai suka zo, ba yadda za a yi in kore su. Baba na waje a kan kujera yana amsa gaisuwa. Na uku baƙo ne, ya hau benci, ya ɗaga kai ya gan ni a madubi da reza a hannu, ya ce, "Kai ne za ka yi?"

Na ce, "Ni ne. Kada ka motsa."

Muryar ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so. Daga waje na ji Baba ya katse hirarsa, bai ci gaba ba sai da na gama.