Kafin a Shafe Bangon Aji Huɗu

Zuwa ga ƙanina Dogo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta mai kewa zuwa gare ka da maiɗakinka da jaririn da har yanzu a hoto kawai muka san shi. Allah ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ya raya yaron, ya sa albarka a aikinka. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana iya jan kujera zuwa bakin ƙofa ta zauna tana yi wa masu wucewa faɗa, ka san kuwa in ta koma faɗa to lafiya ta samu. Maigidana yana nan yana fama da tuƙi. Matar Yaya cikinta ya shiga wata bakwai, sai dai ba ta da kuzari irin na sauran haihuwarta, a sa ta a addu'a.

Na ga wasiƙarka da ɗan littafin da ƙungiyarku ta buga. Wallahi na yi murna, na karanta shi sau biyu, na tafi da shi makaranta. Zanen nan mai nuna yadda talauci yake raguwa a duniya shekara bayan shekara, na kwafe shi a allo, na ce wa yara ƙanina ne ya rubuta, kuma a wannan ajin ya zauna. Na faɗa musu abin da ka ce, cewa in aka ci gaba haka za su ga ƙarshen talauci da idonsu. Suka yi tafi. Sai Auta, 'yar Yaya, wadda take ajina bana, ta ɗaga hannu ta tambaye ni in layin ya gama saukowa, ina talaucin yake tafiya. Yara suka yi mata dariya, ni ma na yi. Amma da na kai shafin ƙarshe na ga unguwarmu cikin waɗanda aka ce sun fita daga talauci, kuma ka rubuta cewa saboda haka za a ɗauke abincin makarantarmu a ƙarshen wannan zango a kai inda aka fi buƙata, sa hannunka kawai ake jira, sai dariyar ta ɗauke mini.

Bari in gaya maka yadda muka fita. Masu tambayoyinku su uku ne suka zo, yara masu ladabi, ba ni da abin faɗa a kansu. Sai dai a bakin ƙofa suke tsayawa su yi tambaya, maƙwabta kuwa sun yi cirko-cirko suna saurare. Da suka tambayi Yaya sau nawa ake cin abinci a gidansa, ya gyara tsayuwa ya ce sau uku, wani lokaci har huɗu, ya kuma aika a sayo musu lemo. Suka duba sama suka ga rufin kwano, suka duba ƙasa suka ga siminti, suka ga waya a hannunsa, suka rubuta. Duk waɗannan tun shekarun da aikin kafinta yake tafiya ya yi su. Ba su leƙa shagonsa ba, balle su ga wurin da injin yanka katako yake a da, wanda ya sayar bara, yanzu sai shatin ƙafafunsa huɗu a ƙasa. Ana shigo da kujerun roba masu araha, babu mai zuwa a yi masa ta katako. Gidan tela haka aka yi, gidan mai gyaran rediyo haka. Inna da ta ji labari ta ce ai ko ita aka tambaya a gaban matar tela, cewa za ta yi sau biyar take ci har da ƙari.

Ni ma ban fita daga laifi ba. Ranar da za su zo makaranta, ni na ce wa yara kowa ya yi wanka ya shafa mai, wanda ba shi da takalmi ya aro, in an tambaye su kuma su miƙe su amsa da fara'a. Ina son baƙi su ga yarana tsaf. Suka kuwa gan su tsaf.

Ka tuna bangon bayan ajinmu, kusa da taga? Tun shekarar da na fara koyarwa nake jera yara a jikinsa, farkon shekara da ƙarshenta, in ɗora rula a kan kowa in ja layi da fensir in rubuta wane ne. Da farko don in koya musu awo na fara, sai ya zame mini jiki. Shekara ashirin da huɗu ke nan, bangon ya cika da layuka. Naka yana nan. A shekarar da Baba ya rasu ne, kuma a shekarar aka fara dafa abinci a makaranta. Ka shigo kai ne mafi ƙanƙanta a ajin, kafin shekara ta ƙare ka yi tsirin da ya sa aka raɗa maka sunan da ya bi ka har yau. Shekaru da yawa bayanka layukan sun yi ta hawa, kowane aji yana ɗara na gabansa kaɗan. Don haka kada ka ɗauka ina ƙaryata littafinka. Na ga abin da kake faɗa da idona, a jikin bango.

Amma Dogo, shekara uku ke nan layukan suna saukowa. Na zaci hannuna ne, na canza rula, na sa malamin aji biyar ya auna mini. Haka dai. Auta ta girme ka da shekara guda a kan lokacin da na auna ka, amma layinta yana ƙasa da naka na farko da faɗin yatsu uku. Na sake gwada ta makon jiya, bayan wata takwas, fensir ya faɗa kan tsohon layin. Ta lura, sai ta ɗan ɗaga dunduniya, ta kalle ni. Na yi kamar ban gani ba, na ja mata sabon layi a sama. Wannan ne layin ƙarya ɗaya tilo a bangon nan, kuma ni na ja shi.

Duk wannan fa ana ba su abinci ke nan. Ranar Litinin ba na iya koyar da komai kafin ƙarfe goma. Sukan kifa kai a kan tebur, idanu a ƙofa, kunne a madafa, da an ji ƙarar murfin tukunya sai ajin ya farfaɗo. Mai dafa abincinmu, tsohuwar nan mai bakin tsiya da ta san ka, ta ce a da in ta raba akan bar mata kwanukan wankewa, yanzu kuwa yara sun sauƙaƙe mata aiki, kwano yana dawowa kamar sabo. Ita ce ta nuna mini cewa Auta ba ta cinye nata. Takan ci rabi, ta juye rabi a leda ta tura cikin jaka. Da na tambaye ta a keɓe, ta ce wa mamanta take kaiwa, saboda ƙanin da ke ciki, ta kuma roƙe ni kada Babanta ya ji. Mai dafa abinci ta ce yara bakwai ta ƙirga masu yin haka a ajina kaɗai. Ta ce in gaya maka, kai ɗan nan nata mai manyan takardu, ludayinta ba yara yake ciyarwa ba, gidaje yake ciyarwa.

Ka tambaye ni a wasiƙarka ko ni ma, a matsayina na malama, na yarda za a iya kawar da talauci daga duniya. Ina so in yarda, kullum haka nake gaya wa yara, ba zan kuma daina ba. Sai dai yanzu na samu amsar tambayar Auta. A unguwarmu dai bai tafi ko'ina ba. Ɗaki ya shiga ya rufo ƙofa, ƙarƙashin rufin kwano, a kan siminti. Na san akwai wuraren da suka fi mu wahala, ban ce a hana su ba. Tsorona shi ne a ce mun fita, a ɗauke tukunya, bayan shekara biyar a dawo a same mu a jerin waɗanda suka fi kowa buƙata, a lokacin kuwa ƙashin Auta ya gama tsayawa inda zai tsaya.

Roƙona ɗaya ne. Kada ka sa hannu sai ka zo. Ba na cewa ka yi ƙarya saboda mu, cewa nake ka zo ka gani. Kuma ka yi sauri, domin shugaban makaranta ya ce za a yi wa azuzuwa fenti saboda bikin da za a yi na murnar fitarmu. An gama aji ɗaya da aji biyu. Na roƙi mai fenti ya tsallake nawa ya bar shi a ƙarshe, ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin malamar da ke son datti ba, amma zai iya ja mini mako uku, ba ƙari. Na ɗauki hoto, sai dai fensir ba ya fitowa a hoto. In ka zo kada ka nuna wa Yaya ka san komai, ka sauka a gidansa kamar yadda ka saba. Zai yanka maka kaza, ka ci, amma ka dubi kwanon da ke gaban matarsa.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka turo hoton da kunnen yaron ya fito don ta ga ko namu ne. Yaya da matarsa suna gaisuwa, haka maigidana da Gwaggo da Kawu. Ka gaishe mini da maiɗakinka da iyayenta, ka shafa mini kan yaro. Auta ta ce in gaya wa Baba Dogo ta ƙara tsawo.

Yayarka mai ƙaunarka,
Malamar aji huɗu