Sunan Baba Ɗanjuma

Laraba, bayan isha'i

Alhamdu lillahi, yau na shawo kan manhajar da muka yi wa ƙaramin asibitin nan na Gwagwalada. Kwana huɗu ke nan, duk sunan da ke da ɗ ko ƙ sai ta mayar da harafin alamar tambaya. Sista Rabi ta asibitin ta ce jiya sun daɗe suna neman bayanan wani dattijo mai ciwon suga, Baba Ɗanjuma, yana zaune jiri na ɗibarsa.

Na kai kukana gurup ɗinmu na masu rubuta manhaja. Wani ya ce, "Hajiya, ki sa D kawai mana, wa zai lura?" Saura suka yi ta turo dariya. Abin ya yi mini ciwo. Oga ma cewa ya yi in bar shi haka.

Ban bari ba. Da la'asar na gano ashe ma'ajiyar bayanan ce ba ta san haruffanmu ba. Layi ɗaya na canza a rubutun manhajar. Ɗaya tak!

Na kira Sista Rabi ta gwada. Ta buga sunan dattijon, can ta ce, "Kai, Malama! Ga shi ya fito, har da lanƙwasarsa."

Ni kaɗai a ofis na tashi na taka rawa, maigadi yana leƙena ta taga.