Maiƙo a Gilashin Salula

Litinin da dare, unguwar Banifandu

Salular shafawar da yaya Hadiza ta aiko min tana ɗaukar foto tas, har zaren surfani ake gani. Sai dai batirin ba ya kai azahar, dole in bar ta wurin Isufu mai sharji.

Yau Ramatu, telar da shagonta ke kallon nawa, ta rataye riga mai irin wuyan da na ƙirƙiro. Ban nuna wa kowa shi ba, foto kawai na ɗauka.

Da na je karɓar salular na tambayi Isufu, ya ce, "Wallahi Hajiya, ko taɓa ta ban yi ba." Amma gilashin duk maiƙon ƙosai, ni kuwa azumi nake.

Gobe zan ɗauki foton rigar da na ɓata, mai karkataccen hannu. Mu ga ko Ramatu za ta ɗinka.