Na ɗauki zanin goyonki

Yaya,

Na leƙa na ga kina barci. Ban tashe ki ba, don ban shirya jin dariyarki da sassafe ba. Na ɗauke zanin goyonki daga kan igiya, ki yi haƙuri.

Jiya bayan fitarki na gwada keken jariran nan da na saya, wai in ga yadda tafiyarmu birni ni da jaririyata wajen intabiyun neman aiki za ta kasance. Ko tasha ba mu kai ba taya ta faɗa kwata. Garin ja takalmina ya tsinke. 'Yar gidanki ta tsandara ihu sai an ɗauke ta. Haka na dawo, ita a kafaɗa, keke a hannu, jaka a wuya. Mai shagon bakin layi har da cewa, "Malama, yau keke ne ya hau ki?" Ban kula shi ba, na wuce kaina a sama ina ɗingishi.

Ni da na yi miki lacca kan illar goyo ga ƙashin baya, ga shi na ɗaure ta tamau, har ta yi barci.

Kada ki gaya wa Umma zancen kwatar nan.

Amma fa zani na ara, ban ari shawara ba. Ba zan bar ta a gida ba, ba kuma zan yaye ta saboda aiki ba. In za su ɗauke ni, su ɗauke ni da ita a baya.

Ƙanwarki