Jirgin da Ya Sauko a Kan Gidan Aulis

8 ga Mayu

Zuwa ga yayata Hilkka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, kuma ciwon gwiwar nan ya sassauta miki. Na san in na buga waya za ki yi ta cewa "me ka ce?" har labarin ya huce, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ki zauna kafin ki karanta.

Inkeri ta gaishe ni daga sama!

Sojoji suna atisaye a yankinmu tun makon jiya. Ranar Litinin tankoki da motoci masu sulke suka yi ta wucewa ta bakin ƙofata har kofuna suna rawa a kan kanta. Ban damu da su ba, ni sama nake kallo. Jiya Talata, sha ɗaya da kwata, ina faskare a bayan gida, sai ga jirgin yaƙi ya ɓullo ta kan itatuwa, ƙasa-ƙasa, har na ga cikinsa. Da ya zo daidai rufina sai ya karkata fiffike dama, ya karkata hagu, ya yi sama. Na yar da gatari, na cire hula ina ɗaga masa hannu. Kunnena bai daina ƙugi ba har yanzu, kuma ba na so ya daina.

Kin tuna ranar da aka ɗauke ta makarantar tuƙin jirgi? Ta ce, "Kaka, ranar da na samu jirgi nawa, sai na zo na kaɗe maka hular nan." To ga shi. Yarinyar da na raina tun tana shekara huɗu, jikar mai saran itace wanda bai iya rubuta wasiƙa ba sai da ya haura hamsin ya shiga ajin yamma.

Na je kanti na gaya wa kowa. Na kuma rubuta wa jaridarmu ta mako, shafi ɗaya cif, ba gogewa. Maƙwabcina Torsti Kangas kaɗai ne bai taya ni murna ba. Ya shigo kantin fuska a murtuke, ya ji ina ba da labari, ya dube ni, ya fita bai sayi komai ba. Kin san halinsa. Jikokinsa duk suna birni suna danna kwamfuta.

Ki gaida Lasse da yara.

Ƙaninki mai farin ciki,
Aulis

14 ga Mayu

Aulis,

Na samu wasiƙarka, muna lafiya. Rubutunka ya yi kyau, tunaninka ne ya rage.

Wane wata muke ciki? Shekara hamsin da barina gida, amma ban manta ba cewa a Mayu dilolin da ake kiwo don fatarsu suke haihuwa. Tun muna yara aka hana jirage saukowa ƙasa a yankin nan a wannan lokaci, domin in ƙara ta firgita uwa sai ta kashe 'ya'yanta. Kejin dilolin Torsti yana bayan gonarka. Kai kuma ka tsaya a kanti, a gabansa, kana shelar sunan wanda ya tuƙo jirgin. Ba hassada ce ta fitar da shi ba, wawa.

Yanzu ka amsa mini. Ka ga fuskarta? Ta kira ka ta ce ita ce? Inkeri ta yi hutu uku tana ba dilolin Torsti abinci, ta san abin da ƙara take yi musu fiye da kai. Ko dai ba ita ba ce, ko kuma wani abu ya taɓa mata hankali.

Akwai wani abin kuma da ya tsaya mini a rai. A da kowane wata tana aiko mini hoto, ita da jirginta da ƙatuwar hular nan a hammata. Tun bayan Kirsimeti babu ko ɗaya. In na tambaye ta aiki sai ta koma maganar gwiwata.

Ka je ka karɓo takardar nan daga jarida kafin su buga. Ka kuma rufe bakinka, in zai rufu.

Yayarka,
Hilkka

20 ga Mayu

Zuwa ga yayata Hilkka,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta iso ta tarar an riga an buga, da sunan Inkeri da muƙaminta, har da hotona riƙe da gatari.

Abin da kika faɗa haka yake. Torsti ya zo ranar Juma'a da jaridar a hannu. Bai shigo ba, a tsakar gida ya tsaya.

Ya ce, "Marubuci, fito ka ji sauran labarin da ba ka rubuta ba."

Na ce, "Shigo mana, gahawa tana kan wuta."

Ya ce, "Uwa talatin da ɗaya. Wasu sun cinye 'ya'yan, wasu sun ciro su daga akwati sun yi ta yawo da su a baki har suka mutu. Da bokiti na kwashe su, Aulis. Kai kana can kana ɗaga hula."

Na ce ban sani ba.

"Ita Inkeri ta sani," in ji shi. "Ni na koya mata tafiya a hankali tsakanin keji. Ni na hana ta ko tari a wurin." Ya ce ya kai ƙara, ya sa sunanta, ya haɗa da shafin jaridar a matsayin shaida. Da hannuna na rubuta shaidar da za a kore ta da ita, Hilkka.

Jiya hafsoshi biyu suka zo, namiji da mace. Suka cire takalma a bakin ƙofa, suka sha gahawa, suka yaba burodin. Suka tambaye ni ƙarfe nawa, daga wane ɓangare ya ɓullo, wane launi, wutsiya ɗaya ko biyu, akwai alama a fiffike ko babu. Duk abin da na ce namijin yana rubutawa. Amma da na ambaci Inkeri sai alƙalaminsa ya tsaya. Suka dubi juna. Macen ta ce, "Yaushe rabonka da magana da ita, Malam Rintamäki?" Na ce tun bikin Ista. Ta ce, "To." Ta ce jiragen ƙasashe huɗu ne suke cikin atisayen, ana duba na kowa.

Wannan kallon da suka yi wa juna ya hana ni sakewa. Rufa mata asiri suke yi, ko sun gama yanke hukunci ne suna jin kunyar tsoho? Torsti ya ga motarsu, yanzu yana faɗa a kanti cewa sojoji sun zo mun shirya yadda za a binne maganar. Matarsa ta daina amsa gaisuwata a coci.

Na kira Inkeri sau shida, waya a kashe. An ce ana karɓe musu wayoyi lokacin atisaye. An ce.

Na yi tunanin in koma jarida in ce ƙirƙira na yi, ban ga komai ba. Amma rabin ƙauye sun ji ƙarar. Kuma in gaya miki gaskiya, har yanzu in na rufe ido ina ganin fiffiken nan yana karkata, sai in ji daɗi, sai kuma in ji kunyar daɗin.

Na rubuta mata yau. Ki yi mana addu'a.

Ƙaninki,
Aulis

20 ga Mayu

Inkeri, jikata,

Ina gaishe ki, da fatan kina cin abinci yadda ya kamata. Ga shafin jarida na sa miki a ciki. Ki karanta, ki yafe wa tsoho.

Dilolin Torsti sun kashe 'ya'yansu ranar, kuma ya kai ƙararki. Tambaya ɗaya zan yi miki. Ke ce? In ke ce, zan je in ce ni na matsa miki, shekara biyu ina roƙo, kuma ba ƙarya ba ce. In ba ke ba ce, ki gaya mini abin da hafsoshin nan suka sani wanda ni ban sani ba. Ban raine ki don in riƙa karanta labarinki a idon baƙi ba.

Kakanki,
Aulis

26 ga Mayu

Kaka,

Na samu wasiƙarka jiya da muka fito daga daji. Hoton ya yi kyau, sai dai wandon nan na ce ka jefar tun bara.

Ba ni ba ce. Ba zan taɓa yi wa Torsti haka ba, ko a watan Mayu ko a wani. Kuma ko na so ba zan iya ba, domin rabona da tashi da jirgi tun Janairu.

Kunnena ne, na ciki. In jirgi ya yi juyi mai ƙarfi sai duniya ta kife mini, in kasa gane sama da ƙasa. Sau biyu ya faru, na biyun malamina ne ya karɓi tuƙi. Likitoci sun yi wata biyu suna gwaji, ƙarshe suka ce na gama da jirgin yaƙi. Ba ciwon da zai kashe ni ba ne, kar ka fara. Aka ba ni zaɓi, ofis ko dakarun ƙasa, na zaɓi ƙasa. Yanzu ina cikin mota mai sulke da rediyo a kunne, ni nake gaya wa jirage inda za su kai hari. Na iya aikin, har ana cewa na fi wasu, don na san abin da matuƙi yake gani daga can.

Hafsoshin sun san duk wannan. Ba su da izinin faɗin abin da ke takardar likita, ko gare ka, shi ya sa suka dubi juna. A wajen aiki babu abin da zai same ni. Za a rubuta wa Torsti cewa ba ni ce a jirgin ba, ba tare da dalili ba, kai ma ka san yadda zai karanta wannan.

Sau uku na zauna zan rubuto maka. A Ista na zo da niyyar faɗa, na tarar ka sa hotona da jirgi a sabon firam, ka rataye inda agogon matarka, Kaka Sirkka, yake a da. Na kasa.

Ranar Litinin ɗin da ayari ya bi ta ƙofarka ina cikin mota ta tara. Kaina yana waje. Na gan ka a bakin shinge, ka kare ido da hannu kana kallon sama. Da na ɗaga murya da ka ji ni. Sai na sunkuya na ja murfin motar. Direbana ya ce, "Ranki ya daɗe, maƙiyi kika gani?" Na ce ya kula da hanyarsa.

Wanda ya sauko ranar Talata ban san shi ba. Ina jin ma ba gaisuwa ya yi ba, Kaka. Matuƙi yakan karkata haka don ya duba ƙasa in ya ga ya kauce hanya.

Torsti ba zai yarda ba sai ya ji dalilin. Na ba ka izini ka faɗa masa, shi da duk wanda ya tambaya. Na san abin da nake roƙonka. Ka cika ƙauye da labarin jikarka matuƙiya, yanzu ni na ce ka bi gida-gida ka kwashe. In ya yi maka nauyi ka bari, zan zo da kaina a Yuni.

Kar ka yi fushi da ni da yawa. Ka canza wandon.

Taka,
Inkeri

30 ga Mayu

Zuwa ga yayata Hilkka,

Gaisuwa. Ga wasiƙar Inkeri na kwafe miki da hannuna, ki karanta ta tukuna. Kin yi gaskiya, kuma ba sai kin rubuto kin tuna mini ba.

Kwana biyu ban fita ba. Fushin da na yi ba na jirgi ba ne. Yarinya ta yi wata biyu a hannun likitoci ita kaɗai, saboda tana tsoron murnata. Wannan ne ya zaunar da ni.

Jiya da safe na tafi wurin Torsti. Na tarar da shi a rumfar haɗa abincin diloli. Na miƙa masa wasiƙar. Ya goge hannu, ya sa tabarau, ya karanta a tsaye, ya koma farko ya sake.

Ya ce, "Wa ya sani ko ku biyu kuka zauna kuka tsara wannan?"

Na ce, "Torsti, ka san ni shekara saba'in. Kana ganin zan tsara labarin da jikata ba ta tuƙa jirgi?"

Ya ninke takardar yadda take, ya ba ni. Ya ce zai kira sojojin ya cire sunanta, amma ƙarar tana nan sai an nemo mai jirgin. Na ce daidai ne, zan ma sake rubuta wa jarida, wannan karon gajere.

Har na juya sai ya ce, "Kunnen nata, yana mata ciwo?"

Na ce ta ce a'a.

Ya ce, "Ke nan ranar babu wanda ya gaishe ka."

Na ce, "Babu."

Sannan ya ce in wuce ciki, gahawa tana kan wuta, amma in taka a hankali, akwai uwa shida da ba su haihu ba tukuna.

Ki gaida Lasse da yara.

Ƙaninki,
Aulis