Ollerby na Ƙarshe

Keldwick, 9 ga Maris

Yaya Clive,

Gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da tarin takardunka. Mu nan ƙalau muke, in aka cire ruwan sama da abin da na gani jiya. Rubutu na zaɓa domin in na kira ka a waya zan faɗi abin da ba zai kwasu ba.

Jiya na biya wurin Dinsdale, masassaƙin dutse, in gaya masa ƙasar kabarin Baba ta kusa zama, ya fara shirin dutsen da za a kafa masu shi da Mama. Ina shiga ya hau sosa ƙeya.

"Uwargida Metcalfe, ai yayanki ya riga ya aiko da rubutun. Na ɗauka kun yi shawara."

Ya miƙo mini. Sunan Baba, sunan Mama, shekarunsu, duk daidai. Sai layin ƙarshe: "Na ƙarshen masu sunan Ollerby a wannan kwari."

Na ce, "Dinsdale, dube ni da kyau. Fatalwa kake gani?"

Ya ce a'a.

"To ni 'yar wa ce?"

"'Yar Tom Ollerby mana. Ba ke ce kika fasa mini hanci a firamare ba?"

Na ce to ya ajiye gudumarsa, in yana son abin da ya rage na hancin.

Clive, shekara hamsin da huɗu ina cikin kwarin nan. Ni na riƙa yanke wa Baba farce da hannunsa ya fara rawa. Ni na koyi dama masa kunu yadda ba zai ƙware ba. A watanninsa na ƙarshe da sunan Mama yake kirana, ina amsawa, don kada ya sake jin labarin mutuwarta kullum sabo. Kai kuwa ka zo jana'iza a jirgin safe ka koma a na yamma, kuma a tsakani har ka samu sararin ɗaukar hotunan tsofaffin kaburbura. Yanzu daga Leicester ka aiko a sassaƙa a dutse cewa gidanmu ya ƙare, ni kuma duk Lahadi in wuce ta gabansa in karanta cewa babu ni.

Ka rubuta wa Dinsdale ya cire layin nan. Ba roƙo nake ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, tunda har yanzu ba ka soke wannan ba,
Lorna

Leicester, 15 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Lorna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da maigidanki Colin da 'yarku Fiona kuna cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarki ta iso, kuma ina ganin akwai rashin fahimta. Ki ba ni dama in yi bayani.

A ƙidayar jama'a ta 1881, mutum 212 ne ke ɗauke da sunan Ollerby a duk Birtaniya, kuma 170 daga cikinsu suna kwarinmu da biyun da ke maƙwabtaka da shi. Da aka rufe ramukan dalma sai aka watse: wasu masaƙun Burnley, wasu ramukan kwal na Durham, wasu Amurka. Yaƙin duniya na farko ya ci mazanmu goma sha ɗaya. Gidaje da dama kuma, abin takaici, 'ya'ya mata kaɗai suka haifa. Yau saura 38, da ni a ciki. Na haɗo miki taswira uku, kowane jan ɗigo mutum ɗaya ne. Ki duba ta ƙarshen. Ranar da Baba ya rasu na goge ɗigon ƙarshe na kwarinmu da hannuna, kuma ban ci abinci ba ranar.

Ƙa'idar masu bin diddigin suna guda a fili take: mai ɗauke da sunan ake ƙirgawa, ba mai jinin ba. Ke Metcalfe ce tun ranar aurenki, masu wannan sunan kuwa ba sa cikin wani haɗari, rabin maƙabartar Keldwick su ne. Ba wanda ya ce ba ki yi wa Baba hidima ba. Maganar tarihi ake yi, kuma abin da na rubuta gaskiya ne. Ni kaina ba ni da ɗa, ba kuma a kwarin nake ba, saboda haka layin bai fi yi miki ciwo a kaina ba.

Ni Baba ya naɗa wasiyyi, ni kuma na sa hannu a takardar neman izinin coci. Layin zai tsaya.

Allah ya jiƙan Baba. Ki gaida mutanen gida.
Yayanki,
Clive T. Ollerby

Keldwick, 2 ga Afrilu

Yaya Clive,

Ina gaisuwa. Taswirorinka sun iso, kuma sun yi amfani: da su na shimfiɗe kwandon 'yan tumakin da uwarsu ta ƙi.

"Abin takaici, 'ya'ya mata kaɗai suka haifa." Ka jera mu da yaƙi da rufe ramuka, kamar wata annoba da ta faɗa wa gidan. Shekara ashirin ina tuƙa motar laburare a kwarurrukan nan, ba littafin tarihinsu da ban karanta ba, kuma duk irinka ne suka rubuta su. Namiji in ya tafi Amurka ya mutu a can, ana bin sa da ɗigo har kabari. Mace in ta tsallaka titi ta yi aure, ta ɓace. Ka san inda matan nan suka je? Ba inda suka je. Jikar ɗaya ce ke sayar da giya a mashayar gari. Jikan wata ne ke tuƙa motar makaranta. Ka tsaya bakin coci ranar Lahadi ka ƙirga doguwar haɓar nan tamu, za ka wuce 38 kafin a fara waƙa. Mama kuma fa? Raistrick ce ita kafin ta auri Baba. Wa ya zana mata taswira?

Na je wurin Rabaran Ashdown, tunda ba a kafa dutse a maƙabartar coci sai da sa hannunta. Ta zuba mini shayi, ta bar ni na yi faɗa har na gaji.

Ta ce, "Lorna, yayanki ne mai neman izini. Abu biyu zan iya hanawa, batsa da ƙarya. Wannan batsa ce?"

Na ce, "A wurina ita ce."

"A wurin bishop fa?"

Ta ƙara mini shayi, ta ci gaba.

"To ƙarya ce? Da akwai mai sunan Ollerby ko ɗaya da ke zaune a kwarin nan, da ban sa hannu ba. Akwai?"

Na ce, "Ki ba ni mako guda."

Ranar Litinin na je wurin lauya, na sa hannu a takardar canjin suna, sakatariyarsa ta yi shaida. Bai kai tsawon shan shayi ba. Abin da ka ce shekara ɗari da wani abu ana rusa shi, na gyara shi kafin motar kasuwa ta tashi. Yau Ollerby nake, a banki, a asibiti, a rajistar masu zaɓe. Layinka ya zama ƙarya, kuma Rabaran ta ce ba za ta sa hannu a ƙarya ba.

Colin na tarar a rumfar tumaki, hannunsa cikin wata tunkiya har gwiwar hannu, ɗan ya zo da baya.

Na ce, "Colin, na koma Ollerby."

Bai ɗago ba. "Me na yi?"

"Ba kai ba ne, Clive ne."

"Shi ya yi laifi, ni aka cire wa suna?"

"Ba cire maka na yi ba, ajiye shi na yi."

Ya ce, "Miƙo mini igiyar can."

Ga kwafin takardar, tunda takarda kaɗai kake ji.

Sai na ji daga gare ka.
Lorna Ollerby

Leicester, 6 ga Afrilu

Ƙanwata Lorna,

Gaisuwa da farin ciki mara iyaka! Ban san lokacin da na tashi tsaye ba da na ga takardar. Mun zama 39! Tun da na fara binciken nan ban taɓa ganin adadin ya ƙaru ba sai ta haihuwa ko aure. Na mayar da jan ɗigo Keldwick nan take, na kuma rubuta wa Dinsdale ya cire layin, domin kin yi gaskiya, yanzu ba daidai ba ne. Kin ga ashe ba mu da saɓani, ƙa'idar dai ita ce.

A watan Agusta za mu yi taron masu sunan a Burnley, mutum goma sha huɗu sun ce za su zo, har da wani daga Wisconsin ta Amurka. Ina so ki yi masu jawabi, ke da ba kya jin tsoron taro. Wata magana kuma. Na ji Fiona na da juna biyu, kuma ba su ɗaura aure da saurayin ba. In ta bi sahunki kafin ta haihu, aka kuma yi dace namiji ne, to sunan ya samu wasu shekaru tamanin. Ki taɓa mata maganar a hankali.

Barka da dawowa gida, ƙanwata.

Yayanki mai alfahari da ke,
Clive

Keldwick, 20 ga Afrilu

Clive,

Gaisuwa, don Mama ta koya mana ba a fara wasiƙa babu ita.

"Barka da dawowa gida." Daga ina? Ina na je? A gadon da nake kwana nake kwana, tumakin da nake kiwo nake kiwo, kabarin da nake sharewa nake sharewa. Ba abin da ya canja a jikina sai kalma ɗaya a katin banki, sai ga shi yayana ya gan ni. Shekara shida ina ɗaga Baba ina kwantarwa ban samu "mai alfahari da ke" ba. Na same shi da sa hannu ɗaya a ofishin lauya. Da na san arahar abin da tuni na saya.

Bari in gaya maka abin da ɗigonka ya ci. Ka san kwarin nan, ba a yin tari a ɓoye. Mai kawo wasiƙu ya tsaya a ƙofa yana murza hula, ya ce, "Ba shisshigi ba, uwargida, amma adireshin nan dai za a ci gaba da kawowa?" Matan coci biyu sun kawo mini kek, suna magana ƙasa-ƙasa kamar an yi mutuwa. Ranar gwanjon tumaki kuwa, Colin na shiga wani ya ɗaga murya daga bayan shinge:

"Ga mijin Ollerby nan! Colin, kai yaushe za ka je wurin lauyan?"

Wani ya ce, "Ku bar shi, uwargida ba ta ba shi kuɗin mota ba tukuna."

Colin ya yi dariya tare da su, haka aka gaya mini. Ya dawo gida ya zauna da takalmansa a ƙafa, abincin ya huce a gabansa. Duk bazara yakan sabunta fentin allon bakin ƙofa, mai ɗauke da "C. da L. Metcalfe". Bana ya fito da gwangwanin, ya tsaya yana kallon allon, ya mayar da shi rumfa. Mutumin nan shi ya riƙa ɗaukar ubanka a hannu yana sa shi a baho, lokacin da kai kake neman kaburburan Ollerby a Durham. Bai taɓa neman a gode masa ba. Shi na mara don in rama marin da ka yi mini, kuma wannan ba zan yafe maka ba, ko da ni na ɗaga hannun.

Fiona kuwa, ka cire bakinka daga cikinta. Jaririn da ko motsi bai fara ba ka riga ka tanadar masa jan alƙalami. In kuma mace ce fa? Wani abin takaicin?

Burnley ba zan zo ba. Mutum goma sha huɗu da ba su san juna ba, su taru su ci burodi da naman gwangwani suna kallon taswirar mutuwarsu. Ka yi masu jawabin da kanka.

Ka saurara da kyau. Ana kafa dutsen nan, siminti ya kama, zan koma wurin lauya in karɓi sunan mijina. Ka goge ɗigon, ka koma 38, ka ƙi cin abinci in ka ga dama. Dutse dai ba a sassaƙa shi sau biyu, Dinsdale ya tabbatar mini. Kuma ranar kafawa kada ka zo.

Allah ya ba ka lafiya, nesa da ni.
Lorna

Keldwick, 28 ga Mayu

Clive,

Ina gaisuwa. Ban iya wasiƙa ba, ka yi haƙuri da rubutun.

An kafa dutsen ranar Talata. Sunan Tom, sunan mahaifiyarku Edith, ba ƙari. Ya yi kyau.

Takardarka ta zo, wadda kake tambayar ranar da Lorna za ta koma Metcalfe don ka gyara taswira. A murhu ta sa ta. Ba ka kyauta ba, kuma ina jin ka sani.

Ba ta koma ba tukuna. Na ce ta bar shi haka in tana so, ni na san wadda na aura. Ta ce ni ma ba zan gaya mata sunan da za ta ɗauka ba. To na bar maganar.

Ba ta san na rubuto ba. Ta ce in ka zo ba za ta buɗe maka ƙofa ba, kuma da gaske take. Mu dai ba ma kulle ƙofar baya.

Surukinka,
Colin