Ruwa a Cikin Aksil

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a ji ni zuwa ƙarshe kafin a zage ni.

Ni direba ne a Inugu, ina tuƙa jif ɗin wani Alhaji mai fataucin goro tun kafin a sauke tutar Bature. Bana sau uku aksil ɗin baya, ƙarfen da ke juya tayoyi, yana cinye haƙoransa. Sai ya fara kuka kamar tsohon injin niƙa, daga nan ƙarau, mota ta tsaya. Duk Malam Bitrus ne ya gyara, bakanikenmu na unguwar Coal Camp, mutumin kudancin Zariya, wanda ya ba ni tabarma a shagonsa lokacin da na sauka garin nan ban san kowa ba. A karo na uku da ya kwance, man ya zubo fari kamar koko. Ya shafa a yatsa ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, ka shiga ruwa da motar nan? Ƙarfe in ya yi zafi aka tsoma shi a rafi, zuƙar ruwa yake yi. Faɗa mini gaskiya." Na ce wallahi ban shiga ba. A gaban Alhaji na faɗa, ko ƙifta ido ban yi ba.

Alhali na shiga, ba sau ɗaya ba. Alhaji yana da ɗa da ya auri 'yar Ibo ba da yardarsa ba, ya kore shi, ya kuma rantse duk ranar da matarsa Hajiya ta neme shi, a bakin aurenta. Yaron yana wani ƙauye a hanyar Anacha, sai an tsallake rafi. Hajiya ta kira ni tana hawaye ta ce, "Ɗana, jikata ce aka haifa, ko fuskarta ban gani ba. Kai mata zanen goyo, ka dawo ka faɗa mini kamanninta." Wa zai iya ce wa uwa a'a? Daga zane aka koma daddawa da kuka, kowace tafiya sai na ratse.

Yanzu Alhaji ya bi zango yana cewa Bitrus tsohon ƙarfe yake sa masa ya karɓi kuɗin sabo. 'Yan kasuwarmu sun janye motocinsu, shagon ya zama kango. Jiya na wuce shagon, Bitrus ya ce, "Na san hannuna, ɗan'uwa, amma Allah ya fi ni sani." Ko zargina bai yi ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Kunya ta hana ni cin abinci.

In na yi magana, Alhaji zai tambaye ni wane rafi, auren Hajiya ya mutu da tsufanta. In na yi shiru, na kashe wanda ya rufa mini asiri. Gaba kura baya sayaki. Ga shi an sa sabon aksil, kuma Hajiya ta aiko cewa jikar ba ta da lafiya, ta ɗaure magani a tsumma in kai gobe. Jama'a, me zan yi?